Sarauniya Amina A Kasuwar Wasannin Kwamfuta: Wa Ke Noma, Wa Ke Cin Amfani?

A ranar 11 ga Fabrairun 2025 wani kamfani mai suna Firaxis, da ke jihar Merilan ta ƙasar Amurka, ya fito da kashi na bakwai na shahararren wasan kwamfutar nan da ake kira Civilization. Wasa ne na mulki da dabara, inda mai wasa zai zaɓi ɗaya daga cikin shugabannin tarihi, ya kafa gari, ya yi noma da fatauci, ya yi yaƙi ko sulhu, har daularsa ta bunƙasa ko ta wargaje. A cikin jerin shugabannin da aka ba mutum zaɓi, kafaɗa da kafaɗa da Augustus na Rum da Hatshepsut ta Masar, akwai Amina, Sarauniyar Zazzau, kuma da harshen Hausa take magana. Kuɗin wasan dala 70 ne. A wannan wata ana canjin dala a kan kimanin Naira 1,500, wato Naira 105,000 ke nan, alhali mafi ƙarancin albashin da gwamnati ta amince da shi tun Yulin 2024 Naira 70,000 ne. Ƙaramin ma'aikacin da ke haya a Samaru sai ya haɗa albashin wata ɗaya da rabi kafin ya kai gaisuwa wurin sarauniyar ƙasarsa, kuma ba a zo maganar kwamfutar da za ta iya ɗaukar wasan ba tukuna.

Ba wannan ne karon farko da ƙasar Hausa ta shiga wannan kasuwa ba. A watan Agustan 2021 kamfanin Microsoft ya yi ƙari a kan wasansa na Age of Empires III, aka raɗa wa ƙarin suna The African Royals, aka shigar da al'ummu biyu, Habasha da Hausawa. Kano ce babban birnin Hausawa a cikin wasan, Amina ce jagora, mayaƙan kuma da Hausa suke amsa umarni. Akwai barade masu lifidi, kuma da sunan lifidin aka kira su, abin da ke nuna wani ya zauna ya yi karatu. Amma akwai wani soja mai bindiga da aka kira Maigadi, wanda duk lokacin da na ga sunansa sai na yi murmushi. Kalmar "gadi" ararriya ce daga Turanci, ta shigo mana bayan zuwan Turawa, a bakin ƙofofin bariki da kantuna. Sarakunan da wasan ke kwaikwayon zamaninsu dogarai suka sani, da 'yan bindiga, da 'yan baka. Ɗalibin aji biyu a sashen harsuna zai iya gyara wannan cikin minti ɗaya, da an tambaye shi. Tun kafin waɗannan ma, wasan Europa Universalis IV na kamfanin Paradox da ke ƙasar Siwidin, wanda ya fito a 2013, ya ɗora Kano da Katsina da Zazzau a kan taswirarsa, kowace da sarkinta da dakarunta.

Na san wani mai karatu zai ce me ya haɗa malamin jami'a da wasan yara, a lokacin da ƙasa ke fama da tsadar abinci da 'yan bindiga. Amsar ita ce wannan wasan yara ya daɗe da girma ya wuce iyayen gidansa. Masu bin diddigin kasuwar sun ƙiyasta cinikin wasannin kwamfuta na duniya a 2023 da fiye da dala biliyan 180, kusan rabi daga wayar hannu, masu bugawa kuma sun haura mutum biliyan uku. Ko an haɗa kuɗin shiga silima na duniya baki ɗaya da na cinikin waƙoƙin da aka naɗa a wannan shekara, ba su kai rabin haka ba. A watan Oktoban 2023 Microsoft ya kammala sayen kamfanin Activision Blizzard a kan kusan dala biliyan 69, kuɗin da ya zarce kasafin Gwamnatin Tarayya na shekara nesa ba kusa ba. Abin da ya kai wannan girma, kuma ya shiga aljihun 'ya'yanmu, ya cancanci a tambayi inda ake yin sa da inda kuɗinsa ke kwana.

Mu ɗauki misalin da kowa ya sani. A lungunan Samaru, da Hayin Dogo, da cikin Sabon Gari, ba a rasa ɗan shago mai talabijin biyu ko uku, da benci, da janareto a bakin ƙofa, wanda yara ke kira gidan gem. Abin da aka fi bugawa ƙwallon ƙafa ne, mutum biyu suna fafatawa, sauran suna jiran layi, wanda aka ci ya tashi. Na'urar da ke ƙarƙashin talabijin ɗin PlayStation ce, ta kamfanin Sony na Japan. Ƙwaƙwalwar da ke cikin sababbin samfuranta wani kamfanin Amurka ne, AMD, ya zana ta, kamfanin TSMC na Taiwan ya ƙera ta, yawancin haɗa na'urar kuma a masana'antun ƙasar Sin ake yi. Wasan da ke ciki, idan wanda aka sani da FIFA ne, kamfanin Electronic Arts na Kalifoniya ne mai shi, amma a kusa da birnin Bankuba na Kanada ake tsara shi tun 1993, da taimakon wani reshe a Bukares ta Romaniya, kuma tun 2023 ya koma EA Sports FC bayan kamfanin ya raba gari da hukumar FIFA. Idan kuwa PES ne, wanda ya koma eFootball a 2021, na Konami ne a Tokiyo. A cikin wannan doguwar sarƙa, daga zane zuwa ƙira zuwa dillanci, abin da ya rage wa Zariya shi ne hayar shago, da man janareto, da ladan mai gyaran hannun wasa idan maɓalli ya mutu.

Kada a ce Afirka ba ta da hannu ko kaɗan. Tana da shi, a can ƙasan tsani. A cikin irin waɗannan na'urori akwai ma'adinin da ake tacewa daga dutsen da ake kira koltan, wanda gabashin Kwango ya yi suna da shi. A shekarar 2000, shekarar da PlayStation 2 ta fito, wayar hannu kuma ta fara mamaye duniya, farashinsa ya ninka kusan sau goma, kuɗin ya zama makamashin yaƙin da ake yi a can. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan sana'a: a shekarun 1950 tsaunukan Jos ne suka fi ko'ina a duniya fitar da kwalambait, ɗan'uwan wannan ma'adini. Mu haƙa, wasu su narka.

Duk Bazazzagen da ya san tarihin garinsa zai ji wannan labari bai yi masa baƙo ba. Sabon Garin Zariya jirgin ƙasa ne ya haife shi, bayan layin dogo ya iso a wajejen 1911. Abin da ya sa Turawa suka matsu da wannan layi shi ne auduga, domin masaƙun Lankashaya na neman wadda za ta rage musu dogaro da ta Amurka, shi ya sa ƙungiyarsu ta BCGA ta kafa injin gurza a Zariya. Gonar gwaji ta Samaru, wadda aka buɗe a 1922, ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, da wannan manufa ta fara: a inganta irin auduga da gyaɗa. Manomi ya noma, a gurje a Zariya, a loda a jirgi, a saƙa a Mancesta, a dawo masa da atamfa ya saya da kuɗin audugarsa. Abin da ya sauya yau shi ne irin kayan da ake lodawa. A da auduga ce. Yanzu har da tarihi da suna da harshe, kuma su ba sa bukatar tarago. Amina da Muhammadu Bello ya ambata a Infaƙul Maisuri, wadda Tarihin Kano ya ce ta karɓi haraji har daga Nufe da Kwararrafa, wadda kufan Turunku ke nan kudu da Zariya suna ba da shaidar gidansu, ta tafi Merilan ɗanya, ta dawo saƙaƙƙiya.

Ban ga laifin Firaxis ba, gaskiya. Tarihi ba gonar gado ba ce da za a kafa mata shinge, kuma sun girmama ta fiye da yadda wasu littattafanmu na firamare suka yi. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana da sashe a kan kare al'adun gargajiya daga masu cin kasuwa da su, amma ƙarfinta bai wuce iyakar ƙasa ba. Tambayar da ta fi amfani ita ce me ya sa wasu garuruwa suka zama masaƙa a wannan sana'a, wasu suka tsaya a gona.

Ba ƙasa ce ta tsiro da ita a ko'ina ba. Montiriyal ta Kanada, wadda a yau take cikin manyan cibiyoyin wasanni na duniya, ba ta da wani abin kirki a farkon shekarun 1990, masana'antunta na da suna ta rufewa. Gwamnatin lardin Kebek ce ta yanke shawarar ɗauke wa kamfanonin wannan fanni wani kaso na albashin ma'aikatansu ta hanyar rangwamen haraji, wanda ya kai kashi 37.5 cikin ɗari. A 1997 kamfanin Ubisoft na Faransa ya buɗe reshe a can, harshen Faransanci ya sauƙaƙa masa zama, wasu suka biyo baya, jami'o'in garin suka buɗe kwasa-kwasai don ciyar da su da ma'aikata. Finlan kuwa Nokia ce ta share mata fage. Wasan macijin nan da yawancinmu muka fara sani a Nokia 3310, bayan shigowar wayar salula a 2001, daga can yake. Injiniyoyin da suka goge a inuwar Nokia su ne suka cika ƙananan kamfanonin Helsinki, har Rovio ya fito da Angry Birds a 2009, Supercell ya fito da Clash of Clans a 2012. Santambul ta shigo daga baya, lokacin da aka sayi kamfanin Peak a 2020 a kan dala biliyan 1.8, tsofaffin ma'aikatansa suka watsu suna kafa nasu.

Sai dai a lura da wani abu. Garin da ake yin wasa daban, aljihun da ribarsa ke shiga daban. Tun 2016 kamfanin Tencent na ƙasar Sin ya mallaki mafi yawan Supercell, Sega na Japan ya saye Rovio a 2023. A sama da kowa kuma akwai masu ƙofa: Apple da Google, waɗanda suka saba yankar kashi 30 cikin ɗari na duk cinikin da aka yi ta kantunansu na manhaja, kashi 15 ga ƙananan 'yan kasuwa, sai Sony da Nintendo da Microsoft a kan na'urorinsu. Ko dillalin Kasuwar Kwari bai taɓa mafarkin irin wannan la'ada ba. Reshen da ba shi da abin kansa kuma ranar da aka ga dama ake rufe shi. Ubisoft ya buɗe reshe a Kasabalanka ta Maroko a 1998, ya shekara goma sha takwas yana yi wa Faris aiki, a 2016 aka kulle ƙofa. Wannan darasi ne ga gwamnoninmu masu son a ɗauke su hoto da baƙi masu zuba jari.

Gidan gem ɗin Sabon Gari ma yana cikin tsaka mai wuya. An cire tallafin mai a Mayun 2023, an saki Naira a watan Yuni, dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 a 2024. PlayStation 5 da aka fara sayarwa dala 499 a 2020 ta fi ƙarfin mai shago, shi ya sa har yanzu tsofaffin samfura 'yan gwanjo ne a yawancin wurare, da wasannin da aka kwafa aka loda ba da sanin masu su ba. Yaran kuma sun koma waya. A can ma taswirar ba ta sauya ba: PUBG Mobile da Call of Duty Mobile rassan Tencent ne suka gina su, Free Fire na Garena ne a Singafo, Dream League Soccer daga Ingila, Ludo King daga Mumbai. Ana ce musu kyauta, amma yaro yana biya da datarsa, wadda hukumar sadarwa ta amince a ƙara wa kuɗi da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, yana biya da idonsa wajen kallon talla, wanda ya samu hali kuma ya sayi riga ko bindigar da ba ta wanzu ba sai a allo. A kasuwar talla ma idon ɗan Nijeriya bai kai na Ba'amurke daraja ba, domin da ƙarfin aljihun mai kallo ake auna kuɗin tallar. Wannan shi ne ya karya gwiwar da yawa daga masu ƙoƙarin yin wasa don kasuwar gida: mutane da yawa su sauke, abin da zai shigo bai isa albashi ba.

Duk da haka akwai masu yi. A Legas Hugo Obi ya kafa Maliyo Games a 2012, kuma a 2024 kamfanin ya yi wa Disney wasan girki da aka gina a kan shirin Iwájú. A Kamaru Olivier Madiba da kamfaninsa Kiro'o sun fitar da Aurion a 2016, bayan shekaru suna kokawa da ɗaukewar wuta. Leti Arts na aiki tsakanin Gana da Kenya tun 2009. Carry1st na Afirka ta Kudu, wanda ya tara jarin dala miliyan 27 a 2023, ya gane cewa babbar matsalar nahiyar ita ce hanyar biya, sai ya mai da hankali a kan yadda mutum zai sayi kayan wasa da kuɗin ƙasarsa. Mai karatu zai lura yawancinsu a bakin teku suke, inda wayar intanet ta ƙarƙashin ruwa ke sauka, inda masu jari ke sauka. Taswirar duniya ta sake maimaita kanta a cikin Nijeriya. Ɗaya daga cikin wasannin Maliyo sunansa Aboki Run. Ba na zargin niyyar masu shi, amma duk ɗan Arewan da ya taɓa zama a Kudu ya san nauyin da kalmar "aboki" ta ɗauka a can, kuma abin lura ne cewa ta bakin wasu kalmarmu ta shiga wannan kasuwa.

Yanzu bari in zo fagena, wato harshe. A al'adar wannan sana'a, babban wasa yakan fito da Ingilishi da Faransanci da Italiyanci da Jamusanci da Sifaniyanci, sannan Japananci da Sinanci da Koriyanci, sai Rashanci da Fotugis na Barazil da harshen Polan, a 'yan shekarun nan har da Turkanci da Larabci. Tun FIFA 12, wanda ya fito a 2011, Balarabe ke jin sharhin ƙwallo da harshensa. Masu magana da harshen Polan ba su kai masu jin Hausa yawa ba, Italiyanci ma da wuya ya fi mu. Ashe ba kawuna ake ƙirgawa ba, masu saye ake ƙirgawa. Amma yadda harshen Polan ya shiga wannan jeri shi ne labarin da nake so malamai 'yan'uwana su yi nazari.

A farkon shekarun 1990 Warso ba ta fi Sabon Gari tsari ba a wannan fanni. Kwafaffun wasanni ake sayarwa a kasuwa, kuma Marcin Iwiński, ɗaya daga cikin matasa biyun da suka kafa kamfanin CD Projekt a 1994, a irin wannan kasuwa ya koyi ciniki. Matsalarsu ita ce yadda za su sa mutum ya sayi na gaske alhali na jabu na nan da araha. Dabarar da suka yi ita ce fassara. A 1999 suka ɗauko wasan Baldur's Gate, mai ɗimbin zance da labari, suka mai da shi harshensu baki ɗaya, suka ɗauko fitattun 'yan wasan kwaikwayon ƙasar suka ɗora murya. Mutane suka saya, domin sun ji abin ya zama nasu. Da ribar fassara suka koyi gini, suka ɗauki littattafan wani marubucinsu, Andrzej Sapkowski, suka yi wasan The Witcher a 2007. A 2011 Firayim Ministan Polan ya ba Shugaba Obama kashi na biyu a matsayin tsaraba ta ƙasa, kashi na uku da ya fito a 2015 an sayar da fiye da kwafi miliyan 50. Haka kamfanin Keywords na Dablin, wanda ya fara a 1998 a matsayin ɗan ofishin fassara, ya zama mai yi wa manyan kamfanoni aikin fassara da gwaji da zane da murya, har aka saye shi a 2024 a kan fiye da fam biliyan 2.

Idan akwai sana'ar da Zariya ta gada, ai fassara ce. Hukumar Fassara da Turawa suka kafa a ƙarshen shekarun 1920 a nan ta yi gida, ta zama Hukumar Talifi a hannun Rupert East, ta shirya gasar 1933 da ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko. A nan Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, inda ya ɗebo labarai daga Gabas da Yamma ya yi musu wankan Hausa har jikokinmu ba sa gane baƙi ne. A nan aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, NORLA ta biyo, NNPC ta gaje ta a 1966. Ƙwarewar ba ta mutu ba, ƙaura ta yi zuwa Kano. Matasan da ke ɗora muryar Hausa a kan finafinan Indiya, irin su Algaita, duk da ƙorafin da ake yi a kan haƙƙin mallaka da kuma wasu kalamansu, sun nuna abu biyu da ba su da musu: Bahaushe zai biya kuɗi don ya ji abu da harshensa, kuma akwai masu iya daidaita magana da motsin baki cikin sauri da arha. Rabin aikin da CD Projekt ya fara da shi ke nan. Abin da ya rage shi ne lasisi da tsari.

Kada kuma a ce sai harshe mai kasuwa. Mutanen Iñupiat na Alaska 'yan dubbai ne, masu jin harshensu sosai ba su kai yawan ɗaliban tsangaya ɗaya a Samaru ba. Majalisar wata ƙungiyar 'yan asalin yankin ta zuba kuɗinta, ta haɗa gwiwa da wani kamfani, dattawa suka zauna da masu zane, a 2014 aka fitar da Never Alone, wanda aka gina a kan tatsuniyarsu, mai ba da labari yana magana da harshensu. Ya ci lambar BAFTA a 2015. Abin da ya fi burge ni shi ne ba sayar da tatsuniyar suka yi ba, hannun jari suka riƙe. A can ɗaya ƙarshen ma'auni, Black Myth: Wukong na ƙasar Sin, wanda aka ɗauko daga wani tsohon littafinsu na ƙarni na 16, ya sayar da kwafi miliyan 10 cikin kwana uku a 2024.

Wani abin takaici shi ne duk kayan haɗin miyar suna cikin katanga ɗaya a Samaru. Wasan kwamfuta aikin taron dangi ne: mai rubuta manhaja, mai zane, marubucin labari, makaɗi, mai murya, masanin tarihi. Sashen zane na Zariya shi ne wanda ya yaye su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda tun 1958 suka yi tawaye suka ce sai an haɗa fasahar Turai da ta gida. Akwai sashen kwamfuta, da na wasan kwaikwayo, da na harsuna da al'adun Afirka, da na tarihi mai ɗakin ajiyar rubuce-rubucen Arewa, ga Gidan Arewa a Kaduna. Amma tsarin jami'o'inmu baki ɗaya bai san aikin haɗin gwiwa ba. Ɗalibin kwamfuta zai kammala da manhajar lissafin albashi da aka yi sau dubu, ɗalibin Hausa zai rubuta kundi a kan wasan dara ko langa a ajiye a kanta ƙura ta rufe, ba wanda ya san da wani, ko da kuwa ɗakin kwanansu ɗaya. Malami kuma da maƙala ake yi masa ƙarin girma, ba da abin da ya gina ba.

Ba na so in yi wa mai karatu romon baka. Cikas ɗin manya ne. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun fi mako guda cikin duhu saboda lalacewar layukan wuta, kuma kamfanin da ke jiran aiki ranar Juma'a ba ya jin wannan uzuri. A 2022 jami'o'in gwamnati sun yi wata takwas a rufe. Sana'ar ita kanta tana cikin rani: an sallami ma'aikata fiye da dubu goma a duniya a 2023, a 2024 abin ya fi haka. Fassarar inji kuma tana cin ƙananan ayyukan da a da ake ba mutane, har masu ɗora murya a Amurka suka shiga yajin aiki daga Yulin 2024, suka kusa shekara, a kan tsoron a kwaikwayi muryoyinsu da na'ura. Ƙofar da mutanen Polan suka shiga a 1999 ta ƙuntata. Amma inji yana ƙwarewa ne a harshen da aka tara masa rubutu mai yawa, Hausarsa har yanzu ta ɗan koyo ce, bai san bambancin maganar bafada da ta ɗan tasha ba, bai san inda ake sakaya zance ba. Wanda zai gyara masa mu ne, kuma gara mu shiga da yarjejeniya a rubuce a kan abin da za a yi da muryoyinmu.

Akwai kuma cikas na gida, wanda muka fi jin nauyin faɗa. Mun ga yadda aka soke shirin gina dandalin finafinai a Ƙofa ta jihar Kano a 2016 bayan wasu malamai sun yi ca. Damuwar iyaye a kan wasanni ba ta banza ba ce. Akwai masu cike da zubar da jini da tsiraici, akwai kuma dabarar sayar da ƙunshin da ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya, wadda ƙasar Beljiyam ta ɗauka a matsayin caca ta hana a 2018, kuma irin wannan sashe na wasanninsa ya kawo wa Electronic Arts dala biliyan 1.6 a shekarar kuɗinsa ta 2021. Sai dai rufe ido bai hana ko yaro ɗaya bugawa ba, abin da ya hana kawai shi ne a samu wanda aka yi da tarbiyyarmu. Saudiyya ta karanta lamarin daban. Asusun jarin gwamnatinta ya sayi kamfanin Scopely a 2023 a kan dala biliyan 4.9, Riyad ta karɓi gasar wasannin kwamfuta ta duniya a 2024, a Satumban 2025 kuma aka sanar da yarjejeniyar da asusun da abokansa za su sayi Electronic Arts ɗungurungum a kan dala biliyan 55. Wato kamfanin da ke yin ƙwallon da ake bugawa a Sabon Gari.

Mu ba mu da biliyoyi, kuma ba na ba da shawarar a kafa wata hukuma mai shugaba da motoci. Akwai wasannin da masu su suka sake su kyauta, kowa na iya fassarawa ba tare da neman izini ba, irin su 0 A.D., wanda shi ma na gina daula ne, da Battle for Wesnoth. Aji ɗaya na ɗaliban fassara, da ɗaliban kwamfuta biyu ko uku, za su iya mai da ɗaya daga cikinsu Hausa a zango biyu, a ba su maki a kai. A nan za a ci karo da matsalolin gaske: rubutun da wasan ke amfani da shi yana da ƙ da ɗ da ɓ, ko akwatuna zai nuna a madadinsu? Jimlar Hausa za ta shiga gurbin da aka auna da gajeriyar kalmar Turanci? Yaya za a yi da umarni, tunda Hausa sai ta bambance "ka" da "ki", alhali wasan bai san ko namiji ne ke riƙe da waya ko mace ba, ko kuwa a koma "a" ta kowa da kowa, a ce a ajiye, a ci gaba, a fita? Wanda ya warware waɗannan a kan wasan kyauta, shi ne zai iya nuna aikinsa ranar da Microsoft ko Firaxis za su sake neman wanda zai duba musu sunan dogari.